Bin Kadin Tunkuyin Saniya a Turbar Ƙauyenmu

Tsakanin ƙauyenmu, wanda yake cikin ƙasar Ringim a Jihar Jigawa, da unguwar da ke bakin fadama, akwai wata turba da kowa yake bi a ƙafa, daga 'yan makaranta da mata masu zuwa niƙa ko barka, har manoma masu komawa gida da yamma. Dattawanmu sun ce a da turbar nan dabam take, burtalin shanu kuma dabam, domin burtalin yana gabas da ita, kuma faɗinsa ya isa garke guda ya wuce ba tare da saniya ta taɓa karan kowa ba. Da jama'a suka yawaita, gonaki suka yi ta raguwa wajen rabon gado, sai kowane manomi ya riƙa ƙara kunya ɗaya ko biyu daga gefen burtali duk damina, har aka wayi gari a wani yanki babu sauran burtali ko kaɗan, shanu suka dawo kan turbar mutane. Su kuma masu gonakin da ke gefen turbar, don gudun ɓarna, suka kafa shingen aguwa da ƙaya hagu da dama. Da haka wurin ya zama dogon lungu wanda idan mutum ya shiga, shanu kuma suka shigo ta ɗaya bakin, ba shi da inda zai ratse.

A cikin wannan lungu ne saniya ta tunkuyi Gwaggo, yayar mahaifina, da kakar bara, lokacin da aka gama yankan gero amma dawa da wake suna nan tsaye a gona. Ta je ta'aziyya unguwar bakin fadama, tana dawowa bayan la'asar tare da jikanta, yaro ɗan kimanin shekara goma, shi kuma karensa yana biye da shi kamar kullum. Suna tsakiyar lungun sai ga garke ya taso daga mashaya, jajayen shanu masu dogon ƙaho irin waɗanda ake kira rahaji, yara biyu suna kora su. Gwaggo ta yi abin da duk wanda ya girma a karkara zai yi, wato ta raɓe jikin shinge ta jawo yaron kusa da ita don shanun su wuce, kuma mafi yawansu sun wuce lafiya. Amma akwai wata saniya da ba ta daɗe da haihuwa ba, ɗan maraƙinta ya ɓalle daga gefenta ya bi ta jikin shingen, har ya zamana Gwaggo tana tsaye tsakanin uwa da ɗa. A daidai nan kare ya yi haushi, da ya ga saniyar ta juyo sai ya ruga ya shige bayan ƙafafun Gwaggo. Saniyar ta sunkuyar da kai ta auko, ƙaho ya sami Gwaggo a cinyar hagu ta faɗi, sannan saniyar ta danne ta da goshi a haƙarƙari tana murza ta da ƙasa. Sai da babban yaron ya sheƙo yana kiran saniyar da sunanta yana dukan ta da sanda a hanci, sannan ta ja da baya.

Ina gida ina duba aikin 'yan ajina jikan ya shigo da kuka. Da muka isa muka tarar da ita a zaune jikin shinge, tana cikin hayyacinta, amma numfashi yana yi mata wuya, kuma jinin da ke cinyarta bai taka kara ya karya ba, abin da ya sa wasu suka fara cewa ai da sauƙi. Nan take aka rabu biyu. Baffana ya ce a kira maɗori tunda karaya ce a haƙarƙari, ni kuma na ce asibiti, saboda maɗori yana iya ɗora ƙashi amma ba ya ganin abin da ke faruwa a cikin ciki. Abin da ya raba gardamar shi ne Gwaggo da kanta ta ce tana jin ciwo har kafaɗarta ta hagu, wurin da saniya ba ta taɓa ba, sai jikin kowa ya yi sanyi. Ba mu ɗora ta a kan babur ba, domin gargada za ta ƙara mata wahala; a amalanke muka shimfiɗa katifa muka kwantar da ita, shanun huɗar maƙwabcinmu suka ja ta a hankali har ƙaramin asibitin da ke bakin titi.

Malamin asibitin ya yi mana bayanin da ya kamata kowane ɗan karkara ya sani. Ya ce raunin ƙaho yana da yaudara, domin bakinsa ƙarami ne amma yakan yi zurfi ya ratsa nama ta wata fuska dabam, kuma ƙaho yana shigar da ƙasa da kashin shanu cikin jiki. Saboda haka ya wanke raunin da ruwa mai yawa, ya ƙi ɗinke shi, ya ce irin wannan idan aka rufe bakinsa da wuri zai ruɓe daga ciki. Ya yi mata allurar tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ƙulle muƙamuƙi, ya sa mata ƙarin ruwa, sannan ya rubuta mana takardar zuwa babban asibiti a daren nan, ya ce saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma idan ta fashe mutum yana iya zama yana magana da kai alhali jini yana zuba a cikinsa. A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirji aka ga ƙasusuwan haƙarƙari uku sun karye, aka duba ciki da na'ura aka ga saifar ta bugu amma ba ta fashe ba, aka kwantar da ita don a sa mata ido. Likitan ya hana a ɗaure mata ƙirji da zane kamar yadda matan gidanmu suka so yi, ya ce ɗauri yana hana huhu buɗewa har ya jawo nimoniya, musamman ga tsofaffi, kuma karayar haƙarƙari da kanta take haɗewa cikin kimanin mako shida. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni gefe ta ce in riƙa karɓar rasit na duk abin da na biya, ko da na auduga ne, kuma wannan shawarar ta yi mana rana daga baya.

Tun kafin mu bar ƙaramin asibiti na aika ƙanena wurin mai unguwa, kuma a ganina wannan aiken ya fi duk wani abin da na yi a wannan al'amari muhimmanci. Labari ya riga ya bazu cewa shanun Fulani sun kashe Gwaggo, samari sun fara taruwa a bakin masallaci, wasu da gora a hannu, ana maganar zuwa ruga. Duk wanda ya san yankinmu ya san yadda irin wannan magana take ƙarewa idan aka bar ta ta kwana, musamman da kaka, lokacin da zukatan manoma suke a kusa saboda amfanin da bai shiga rumbu ba. Mai unguwa ya fito da kansa bayan sallar isha'i ya shaida wa jama'a cewa tana da rai, tana hannun likita, kuma magana ta zo gabansa, don haka duk wanda ya taka ruga a daren nan shi ya sani da hukuma. Sannan ya tura ɗan aike wurin dagaci da wurin Ardo.

Gano mai garken bai yi wuya ba. Jikan Gwaggo ya ce saniyar tana da farin tabo a goshi, kuma ƙahonta na dama ya ɗan karkata ƙasa, matan da ke sayen nono kuma suka ce sun san ta, ta mutanen da suka sauka a mashekarin arewa da gari ce. Ba baƙi ba ne irin masu gangarowa daga Nijar ta wajen Babura da Maigatari su nufi fadamun Haɗeja da rani; mutane ne da suka shekara da shekaru suna sauka a gonakinmu bayan girbi, suna ba mu taki muna ba su kara da harawa. Washegari Ardo ya zo asibiti dubiya tare da mai shanun, dattijo mai ƙarancin magana, da ƙwaryar kindirmo da kuɗi a ƙulle. Baffa ya so ya ƙi karɓa, yana ganin kamar ana so a rufe bakinsa ne. Gwaggo ta dube shi daga kan gado ta ce, "Karɓi mana, dubiya dabam, shari'a dabam." Aka karɓa, na kuma rubuta adadin a gaban Ardo, na gaya masa cewa za a lissafa shi idan an zauna.

Kafin ranar zama na je wurin malamin dabbobi na yankinmu, don ina so in san ko akwai wani abu a jikin saniyar, kamar haukan kare, da ya sa ta yi haka. Ya je ruga ya duba ta, ya ce lafiyarta ƙalau, kuma abin da ta yi ba hauka ba ne, hali ne na kowace saniya mai sabuwar haihuwa. Ya ce mutane sun fi jin tsoron bijimi saboda tozo da gurnani, alhali saniya mai ɗan maraƙi ba ta fi shi sauƙi ba, kuma kare a wurinta ba shi da bambanci da dila ko kura, shi ya sa ba Gwaggo ta nufa da farko ba, karen da ya ɓuya a bayanta ta nufa. Ya ƙara da cewa idanun shanu suna gefen kai, suna ganin kusan duk abin da ke kewaye da su ban da bayansu daidai wutsiya, amma ba sa iya auna nisa sosai, don haka motsin bagatatan daga gefe ko daga baya yana firgita su. Babbar saniya tana haura kilo 300, ta kuma fi mutum gudu a fili, saboda haka wanda ya juya baya ya sheƙa ya ƙara ba ta dalilin bin sa ne kawai. Kafin ta auko takan nuna alama: ta tsaya cak ta ƙura ido, ta sunkuyar da kai tana kaɗa shi, ta yi huci, ta tona ƙasa da kofato. Wanda ya ga haka sai ya riƙa ja da baya a hankali yana fuskantar ta, ya nemi bishiya ko kututture ya sa tsakaninsa da ita, wanda kuma aka riga aka kayar sai ya dunƙule ya kare kansa da hannuwa.

Na ce masa duk wannan ya yi, amma a lungun da ƙaya take hagu da dama ina bishiyar da za a ɓuya a bayanta? Sai ya yi dariya ya ce ai ba mu kaɗai ke fama ba. Ya ce a Ingila, inda hanyoyin ƙafa na jama'a suke ratsa filayen kiwo, kusan kowace shekara sai shanu sun kashe masu tafiya, kuma sau da yawa akwai kare ko ɗan maraƙi a cikin labarin. Suna da doka tun 1981 da ta hana a saki bijimin da ya wuce wata 10 shi kaɗai a filin da hanyar jama'a ta bi ta ciki, idan kuma na irin shanun madara ne to ko da rakiyar shanu mata ba a yarda ba, sannan ana gaya wa masu tafiya cewa idan shanu suka taso musu su saki igiyar kare ya yi ta kansa. Abin da na ɗauka daga wannan bayani shi ne, su can sun ɗora wa mai shanu nauyin tunanin mai wucewa tun kafin a yi rauni, mu kuwa sai an ji ciwo muke zama.

An yi zaman a ƙofar gidan dagaci da hantsi, bayan an sallamo Gwaggo. Akwai mai unguwa, da Liman, da Ardo da mutanensa, da yaran nan biyu masu kiwo, da masu gonakin da ke gefen lungun, waɗanda ni na roƙi a kira su, ko da yake a lokacin ba kowa ya gane dalili ba. Dagaci ya fara da jin bakin jikan Gwaggo, sannan yaran ruga, kuma abin sha'awa shi ne maganarsu ba ta saɓa ba, har batun kare babu wanda ya ɓoye. Mai shanun ya ce, ta bakin Ardo, shi bai musa cewa saniyarsa ce ba, amma dabba ba ta da hankali, kuma da babu kare da garken ya wuce lafiya kamar yadda yake wucewa kullum. Baffa ya ce hanya ta mutane ce, kare kuma bai ciji kowa ba. Aka fara ɗaga murya, sai dagaci ya juya ga Liman ya ce, "Allah gafarta malam, me littafi ya ce?"

Liman ya ce lallai akwai hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa raunin da dabba ta yi ba a biyan sa, amma malamai sun fassara shi da dabbar da take ita kaɗai, babu mai kula da ita, babu kuma sakacin kowa. A Risala, wadda duk almajirin ƙasar nan ya sani, an bayyana cewa mai kora dabba da mai jan ta da wanda yake kanta suna ɗaukar alhakin abin da ta taka. Ya ce wannan garke ba shi kaɗai yake tafiya ba, kora shi ake yi, kuma wanda ya damƙa wa yaran da ba su balaga ba shanu masu yawa haka, ya tura su hanyar da mutane ke bi, ba zai ce babu ruwansa ba. Ya kuma yi wa kowa tuni cewa zaman nan na sulhu ne, ba hukunci ba, wanda bai gamsu ba ƙofar alƙali a buɗe take.

A nan ne Ardo ya faɗi maganar da ta sauƙaƙa komai, kuma na girmama shi saboda ita, domin babu wanda ya tilasta masa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a al'adarmu ɗan maraƙi sabon haihuwa ba ya bin garke, a dangwali ake barin sa a ruga sai uwa ta dawo da yamma. Wannan an bar shi ya bi uwarsa, kuma wannan kuskure daga wurinmu yake." Mai unguwa ya ƙara da cewa wannan saniya ɗin ce ta taɓa korar wata mai tallan ƙuli-ƙuli a bara waccan, kuma an gaya wa mai ita a lokacin. Mai shanun ya sunkuyar da kai bai musa ba. Daga nan sai magana ta koma kan lissafi, na fito da rasit ɗina aka karanta ɗaya bayan ɗaya, aka haɗa da kuɗin motar da ta kai mu babban asibiti, aka cire abin da aka kawo ranar dubiya. Saboda batun kare, dagaci ya nemi mu yafe wani kaso, muka yafe. Baffa ya tayar da maganar diyyar rauni ban da kuɗin magani, amma Gwaggo ta riga ta aiko da saƙo cewa ita ba ta son a sayar da saniyar kowa saboda ita, abin da take so shi ne kada jikokinta su gamu da abin da ta gamu da shi. Mai shanun ya nemi a ba shi zuwa ranar Lahadi ya kai tumaki kasuwar Gujungu, aka ba shi, kuma ya cika alkawari.

Mutane sun fara miƙewa ana shirin fatiha na nemi izinin magana. Na ce, "Allah ya ja zamanin dagaci, an biya kuɗin magani, amma abin da ya kayar da Gwaggo yana nan inda muka bar shi." Na ce da burtali yana nan da shanu ba su biyo turba ba, da kuma turbar tana da faɗinta na da, da Gwaggo ta sami wurin kaucewa tun kafin ɗan maraƙi ya iso gare ta, kuma 'yan ajina da ke zuwa daga bakin fadama ta nan suke bi safe da rana. Wurin ya yi tsit, domin yanzu magana ta bar kan Fulani ta dawo kanmu, kuma cikin gonakin da suka ci burtali har da ta gidanmu da ta wani ɗan'uwan dagaci. Wani manomi ya ce shi haka ya gaji gonarsa, bai ƙara ko taki ɗaya ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, tunda cin burtali ba aikin shekara ɗaya ba ne, ba kuma na mutum ɗaya ba. Dagaci ya ce wannan ta fi ƙarfin zaman yau, sai an sanar da hakimi, ya umarce ni in rubuta abin da aka yi da abin da ake nema, shi da Ardo da mai unguwa su sa hannu.

Wannan mataki shi ya fi cin lokaci da haƙuri. Takardar ta je wurin hakimi, daga can aka tura ta sashen gona na ƙaramar hukuma, muka yi ta sintiri ana ce mana jami'in ya fita ko babu man mota, har sai da aka gama girbin dawa aka saki gonaki. A ƙarshe jinkirin ya zama alheri ta wata fuska, domin babu manomin da zai yarda a sa igiyar awo a gonarsa alhali amfani yana tsaye. Ranar da wakilin hakimi ya zo da jami'in, jami'in ya gaya mana cewa tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma manyan hanyoyin shanu suna cikin takardun hukuma, amma ƙaramin burtali irin namu bai same shi a wata taswira ba, don haka shaidar dattawa ita ce abin dogaro. Aka ɗauko tsofaffi uku, biyu daga gari ɗaya daga ruga, aka sa su gaba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ƙasa take riƙe da shaida: tsofaffin kututturan aguwa suna nan a jere a tsakiyar gonakin mutane, wata tsamiya da kowa ya san ita ce bakin burtali a da yanzu tana da kunya goma sha tsakaninta da hanya, kuma tsohon da ya zo daga ruga ya nuna wurin da ƙasa ta lotsa saboda sawun shanu na shekaru, babu wanda ya iya musa masa.

Ba a dawo da burtalin yadda yake a da ba, kuma ban yi tsammanin za a yi ba, domin da an bi shaidar dattawa sau da ƙafa da wasu sun rasa sulusin gonarsu. Abin da aka daidaita a kai shi ne kowace gona ta ɓangaren gabas ta ja da baya gwargwadon abin da zai ba shanu hanyarsu a gefe guda, a bar turbar mutane a ɗaya gefen, a dasa aguwa a tsakani idan damina ta kusa, tunda reshenta kawai ake yankowa a kafa ya kama, kuma dabbobi ba su cika damun ta ba. A ɓangaren yamma kuma aka ce a buɗe ƙofofi a jikin shinge nan da can, masu faɗin da mutum zai iya shigewa amma saniya ba za ta iya ba. Gonar gidanmu ta rasa kunya huɗu, Baffa ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau. Su kuma mutanen ruga suka ɗauki alkawarin cewa garke ba zai bi lungun ba sai da babban mutum a gaba, ba za su kora shanu a lokacin tafiya makaranta da lokacin tashi ba, ƙananan maruƙa za su zauna a dangwali, kuma saniyar nan mai farin goshi za a yanke mata tsinin ƙaho, wanda malamin dabbobi ya je ya yi. Aka rubuta duka aka yi kwafi, ɗaya wurin hakimi, ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin Ardo.

A makaranta na nemi izinin hedimasta na tara yaran bakin fadama na maimaita musu abin da malamin dabbobi ya koya mini, na kuma roƙi babban yaron nan na ruga ya zo ya nuna musu da kansa, domin ya fi ni sanin shanu nesa ba kusa ba. Shi ne ya gaya musu cewa kada su taɓa shafa ɗan maraƙi komai kyansa, kada su ratsa tsakiyar garke don sauri, kada su yi ihu ko jifa, kuma idan suka hango ƙura daga nesa su tsaya a bakin lungu har shanu su fito. Batun kare kuwa mai unguwa ya yi shela cewa kada yaro ya sake bin turbar da kare a lokacin da shanu ke zuwa mashaya ko dawowa, ko da yake wannan ita ce dokar da aka fi karyawa.

Gwaggo ta warke, sai dai raunin cinyar ya fi karayar daɗewa, an yi ta zuwa wanki har ya cike daga ciki, kuma har yanzu idan sanyin hunturu ya sauko takan ce haƙarƙarin yana yi mata tsami. Aguwar da aka dasa ta kama a mafi yawan wurare. Saura yanki ɗaya a bakin lungun ta arewa, inda gonar ta wani mutum ce da ke zaune a Kano, wanda yake noma ta kuma ya ce ba shi da ikon matsar da shinge sai da izinin mai ita. An aika masa ta hannun danginsa, ya ce zai zo da sallah, bai zo ba. A wannan yanki har yau shanu da mutane hanya ɗaya suke bi, tsawon abin da bai gaza taki hamsin ba, kuma dagaci ya ce idan aka gama girbin bana bai bayyana ba zai sake rubuta wa hakimi a kan gonar ita kaɗai.